Santimita huɗu: abin da ya biyo bayan sauke wata Honda Accord ƙasa a Kano

Motar Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda dillalai ke kira EOD, mai injin silinda huɗu, lita 2.4. Ta hannu ce, ta yi shekaru wajen wani ma'aikacin gwamnati kafin ta faɗo hannun wani matashi mai shagon waya a Kano. Injinta lafiya, giyarta lafiya, ba ta shan baƙin mai. Abu ɗaya ne ya tsone masa ido: tazarar da ke tsakanin taya da leɓen madigadi, wadda yatsunsa huɗu ke shiga ciki. Ya saba ganin irin motar a Instagram ta kwanta ƙasa, madigadi na neman sumbatar taya, shi ma ya ce sai tasa ta zama haka.

Ya kamata a yi masa adalci tun daga farko, domin bai bi hanyar banza ba. Hanya mafi araha a garejojinmu ita ce a kira mai walda ya datse zagaye ɗaya ko biyu daga jikin sifirin, ko ya hura masa wuta har ya lotsa. Ya ƙi duka biyun. Ya aika wani abokin kasuwancinsa ya sayo masa sifirin huɗu da aka ƙera musamman don rage tsayin wannan ƙirar ta Accord, da takardarsu a kwali, an rubuta cewa za su sauke motar da kimanin santimita 3.5. Ya haɗa da wili mai inci 18 da taya 225/40, a madadin na asali mai inci 16 da taya 205/60. Daga baya, da aka tsananta bincike, ba a sami aibin komai a jikin sifirin ɗin ba. Wannan shi ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa: kayan kirki aka sa, amma motar ta lalace.

An yi aikin ne da yammacin wata Asabar a garejin unguwarsu. Bakaniken ya ɗaga motar, ya kwance shokozoba huɗu, ya zare tsofaffin sifirin, ya zura sababbi a jikin shokozoban da suka zo da motar, ya mayar, ya ɗaure duk kusoshi tamau tana rataye a kan jak, sannan ya sauke ta. Kafin magariba an gama. Ba a auna komai ba kafin aikin, ba a auna ba bayansa, ba a kai ta wajen masu saitin ƙafa ba. Motar dai ta yi kyau, wannan babu musu. Duk wanda ya gan ta a ƙofar shago sai ya waiwaya.

A makon farko ta fara gogar dakalin siminti da ke ƙofar gidansu, dole sai ya shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai dame shi ba, a ganinsa kuɗin kwalliya ne. Tudun rage gudu na cikin unguwa ma haka: salansa ta riƙa ƙara a ƙarƙashi, ƙannensa su sauka ya wuce su sake hawa. Sai kuma ta fara wani abu da bai zata ba. In ta taka rami, maimakon ta lotsa sau ɗaya ta daidaita, sai ta buga da ƙarfi kamar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sannan ta yi ta tsalle sau biyu ko uku. A kan kwalta mai santsi tana tafiya daram, amma da ta hau inda aka yi faci sai sitiyari ya riƙa fizga. Kafin wata uku, mai faci ya nuna masa cewa gefen ciki na tayoyin baya ya cinye har ana hango waya, alhali gefen waje kamar jiya aka sa.

Abin da ya kai ta ƙasa ya faru ne da damina, a hanyar ƙauyensu ta wajen Gwarzo, ranar ɗaurin auren wani ɗan'uwa. Mutum biyar ne a ciki, ga buhun shinkafa da jarkar mai a but. Da aka sauka daga kwalta aka hau burji, hanyar ta zama irin wadda tifofin yashi suka haƙa: kwari biyu inda taya ke bi, tudu a tsakiya. Motar ta faɗa wani ɗan gangare, gabanta ya nutse, kaskon baƙin mai ya sauka a kan dutsen da ke tsakiyar hanya. Fitilar mai ta kama. Allah ya taimake shi ya kashe injin nan take, bai ce bari in ƙarasa ba. Man da ke cikin wannan injin lita huɗu ne da 'yan kai, kuma duk ya tsiyaye a ƙasa kafin su gama fitowa daga motar. Da ya ƙara ko da 'yan mintoci yana tafiya, da maganar sabon inji ake yi.

Janyo ta aka yi zuwa wani gareji na daban, wajen wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin ƙafar Honda. Maye kaskon bai ɗauki lokaci ba, akwai shi a Ƙofar Ruwa. Amma dattijon ya ƙi sakin motar. Ya ce masa, “Ɗana, in na ba ka ita a haka, wani kaskon za ka dawo saye.” Da yake EOD ba ta wuya a Kano, akwai wata a garejin da ba a taɓa ƙafarta ba, sai ya jera su a kan siminti mai lebur ya ɗauko tef.

Ya auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, domin wannan awon ba ruwansa da girman taya. Motar ta sauka da santimita 4 a gaba, a baya ma ta ɗan fi haka kaɗan. Ba ƙarya kwalin ya yi ba: sabon sifirin yakan ƙara zama bayan an yi tafiya da shi, ga kuma robobin da yake zaune a kai sun tsufa sun lanƙwashe. Sannan akwai abin da mai motar bai taɓa lissafawa ba. Yana ganin wili mai inci 18 ya fi na 16 girma, don haka zai ɗaga motar. Akasin haka ne. Taya 205/60 a kan inci 16 tsayinta gaba ɗaya milimita 652 ne, ita kuwa 225/40 a kan inci 18 milimita 637 ce. Motar ta ƙara sauka da kusan milimita 8, kuma kaurin robar da ke tsakanin wili da ƙasa ya ragu daga milimita 123 zuwa 90. Wannan robar da iskar cikinta su ne ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin. A ƙarshe, motar da ba a taɓa ba tana da kimanin santimita 15 tsakanin cikinta da ƙasa, tasa kuwa 10 da ɗan ɗoriya, babu kowa a ciki. Dattijon ya kira yaransa biyar suka shiga suka zauna, ya sake aunawa: wajen 7 a tsakiya.

A Ingila doka ta hana tudun rage gudu ya wuce santimita 10. A unguwanninmu kuwa, ranar da mota ta buge yaro, matasa ke haɗa kuɗi su sayi siminti su gina nasu, iya fushinsu iya tsayinsa, kuma ba a ga laifinsu ba. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya na wannan Accord mita 2.74 ne, tudun kuma siriri ne, saboda haka akwai lokacin da tayoyin gaba sun sauka, na baya ba su hau ba, tudun duka yana ƙarƙashin cikinta. A nan ba dabarar tuƙi da za ta cece ka in tsayin tudun ya fi tazararka.

Amma tazarar ƙasa ba ita ce babbar ɓarnar ba, ita ce dai wadda ido ke gani. Babbar tana cikin shokozoba. Kowace ƙafar mota tana da iyakar nisan da za ta iya lotsawa sama kafin ta ƙure, kuma a ƙarshen wannan nisan akwai wata roba mai kauri a jikin sandar shokozoba da ke tare ta don kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Idan ka sauke mota da santimita huɗu, ba daga sama ka samo su ba, daga wannan nisan ka ɗebe su. Masu ƙera gajeren sifirin sun san haka, shi ya sa suke ƙara masa tauri, domin ya tsayar da nauyin motar a cikin ɗan nisan da ya rage. To sifirin mai tauri, in ya lotsa, da ƙarfi yake dawowa, kuma aikin shokozoba ne ya riƙe wannan dawowar. Shi sifirin ɗaukar nauyi kawai ya sani, bai san tsayawa ba. Shokozoban da ke motar kuwa tun na kamfani ne, an yi su don sifirin mai laushi, sun kuma gaji tun kafin a taɓa su. Da aka kwance su, biyu sun jiƙe da mai, ɗaya ana tura sandarsa da hannu ta shige ba gardama. Robobin tarewar nan na gaba sun ruɓe sun zama gari a cikin murfinsu. Ƙarar da yake ji in ya taka rami ke nan: shokozoba na ƙurewa ba abin da ya tare shi. Kuma shi ya sa gaban motar ya nutse haka a gangaren burjin. Da shokozoba masu rai ne, da wuya kaskon ya kai ga dutsen da irin wannan ƙarfin.

Sai maganar kusoshin da aka ɗaure motar tana rataye. Hannayen da ke riƙe da ƙafar mota suna juyawa ne a kan bushin na roba, kuma robar a manne take da ƙarfen ciki da na waje, ba zamewa take yi ba, murɗewa take yi. Ƙa'ida ita ce a sauke motar ta zauna da nauyinta sannan a yi ɗaurin ƙarshe, domin robar ta kasance a sake a daidai tsayin da motar za ta riƙa zama. In aka ɗaure ƙafa na lilo a sama, da an sauke motar robar ta murɗe, kuma a murɗen za ta kwana ta wuni, kamar tsumman da aka matse aka bari a matse. A motar da aka rage wa tsayi murɗewar ta fi yawa, don ƙafar ta yi nisa da inda aka ɗaure ta. Bushin da dama a motar sun tsage cikin 'yan watanni, har da waɗanda ba a kwance ba, domin su ma an ɗaure su ne tun asali a kan tsohon tsayi, ba wanda ya sassauta su ya sake ɗaurewa a kan sabon.

Cin taya shi ma yana da bayaninsa. Ƙafar wannan Accord ba irin ta Corolla ba ce. Gabanta hannu biyu ne, na sama gajere, na ƙasa dogo, bayanta kuma hannaye da yawa ne. An tsara ta yadda in ƙafa ta lotsa sama, kan tayar zai karkato ciki, don tayar ta zauna sosai a ƙasa lokacin shan kwana. Motar da aka sauke kuwa kullum a lotse take, ko a tsaye, saboda haka kullum tayar a karkace take, gefen ciki na ɗauke da nauyi. Mafi yawan mutane a nan suke tsayawa, su ce karkatar ce ta cinye taya. Dattijon ya ce rabin labarin ke nan. Lotsawar takan kuma canza inda tayar ta dosa, ta ɗan kalli ciki ko waje maimakon gaba sak. Lissafin ba wuya: in taya ta kauce da rubu'in digiri ɗaya kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice fiye da mita huɗu a kan kwalta. Karkatar ta zaɓi gefen da zai ci, kaucewar ce ta kankare shi. Ita kaucewar ana gyara ta a wajen saiti cikin awa ɗaya, da ya je. Karkatar kuwa, kamfanin bai sa abin daidaita ta ba a wannan ƙirar, sai an sayi hannun sama mai zare wanda ake ƙara wa tsawo ko a rage.

Akwai abu ɗaya da dattijon ya fi damuwa da shi fiye da duk waɗannan, kuma duk wanda ya san Honda a Nijeriya ya san shi: boljoyin ɗin ƙasa na gaba, wato gaɓar da ke haɗa mazaunin taya da hannun ƙasa. Wa bai taɓa ganin Accord ta durƙusa a tsakiyar titi ba, taya ɗaya ta kwanta a gefe? A tsarin ƙafarta nauyin gaban motar ta cikin wannan gaɓar yake bi, ga shi yanzu duk dukan da taya mai kauri da shokozoba mai rai suke shanyewa yana isa gare ta kai tsaye. Na dama ya riga ya fara wasa. Wannan kam ba a yi shawara da mai motar ba, canza su aka yi duka biyu.

A nan ne gardama ta tashi tsakaninsu, domin matashin ya karanta cewa mota mai ƙasa ta fi riƙe hanya. Ba ƙarya ba ne, sai dai a duba girman ribar. Cibiyar nauyin irin wannan motar tana kimanin rabin mita da 'yan kai daga ƙasa. Sauke ta da santimita huɗu yana rage nauyin da ke komawa gefe ɗaya a kwana da wajen kashi 7 cikin ɗari. A kan titi mai santsi, da shokozoba da suka dace, direba mai lura zai ji bambancin. Amma riƙe hanya yana nufin taya ta zauna a ƙasa, tayar da ke tsalle kuwa, a lokacin da take sama ba birki ba sitiyari. A hanyoyin da wannan motar ke bi, abin da ya samu a kwana bai kai abin da ya rasa a kan faci da ramuka ba. Motarsa a watannin nan ta fi haɗari a kan yadda ya saye ta, ko da yake shi yana jin taurinta yana ɗauka ƙarfi ne.

Ni a ganina laifin bakaniken farko bai wuce na rashin sabo ba. Sana'ar garejojinmu ta ginu ne a kan ɗaga mota, ba sauke ta ba. Motar da ta shigo daga Turai ko Amurka, abin da aka saba shi ne a sa mata roba ko ƙarfe a saman sifirin a ƙara mata tsayi, direbobin haya kuma su nemi sifirin baya mai ƙarfi don lodi. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, ba gudu ne ya sa ta yi suna ba, ƙafarta ce mai dogon lotsawa da ke haɗiye rami. A Jamus, inda kamfanonin ƙera sifirin irin su Eibach da H&R suke, gajeren sifirin yana zuwa da takardar da ta fayyace motar da ya dace da ita da nauyin da aka yarda ya ɗauka, kuma masu duba lafiyar mota irin su TÜV suna bin wannan takardar. A nan ba mai tambayar ka. Duk binciken da hukuma ke tilastawa a can, a nan ya rage tsakanin mai mota da bakanikensa, in sun ga dama.

Dattijon ya ba shi shawarar a mayar da motar yadda take. Nan aka gano cewa tsofaffin sifirin ɗin ba su nan: an bar su a garejin farko, yaran gareji sun haɗa su da tarkace sun sayar wa 'yan gwangwan. Ana samun na hannu a kasuwa, amma sai ka yi sa'a ka dace da huɗu da suka fito daga mota ɗaya, kuma na mai silinda huɗu, domin na V6, mai silinda shida, an yi su ne don gaba mai nauyi. Ban da haka ma, matashin bai so. Ya ce, “Baba, ni dai a gyara ta a yadda take, ko nawa ne.”

Aka gyara ta a yadda take. An sa shokozoba huɗu sababbi, irin waɗanda aka ƙera don gajeren sifirin, da sababbin robobin tarewa. An canza bushin da suka tsage, aka sauke motar ta zauna a kan ƙafarta, yaro ya shiga rami ya sassauta kusoshin hannaye ya sake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. An sa hannun sama mai zare a baya. Wilin inci 18 ya tafi, aka sa na 17 da taya 215/50, wanda ya dawo da kaurin roba zuwa milimita 107 ya kuma ɗaga motar da kusan rabin santimita. A wannan kaɗai dattijon ya yi nasara a kansa, shi ma sai da ya nuna masa wili ɗaya da ya riga ya lanƙwashe ta ciki. Aka bar shi ya yi mako guda yana yawo da ita don komai ya zauna, sannan aka kai ta saiti a kan na'ura, aka kuma daidaita fitilun gaba, waɗanda tun da bayan motar ya fi sauka suke haska idon masu tahowa. Kuɗin wannan zagaye na biyu, in aka haɗa da tayoyi da kasko da jan mota daga ƙauye, ya ninka kuɗin sifirin ɗin sau da yawa.

Yanzu motar ba ta tsalle, ba ta fizga, tayoyinta suna ci daidai. A kan titin Zariya ko na BUK tana tafiya yadda ya yi mafarki tun farko. Tazararta da ƙasa kuwa ba ta kai santimita 11 ba, wannan ba gyaran da zai canza shi muddin sifirin nan na jikinta. Ya sa magini ya fasa dakalin ƙofar gida ya sake zuba shi da dogon gangare. Akwai layuka biyu a unguwarsu da ya daina bi. Ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, in kuma tafiyar ƙauye ta taso, motar yayansa yake ara ya bar masa tasa. Duk lokacin da ya je juyen baƙin mai, dattijon yakan sa a ɗaga gaban a girgiza tayoyin a duba boljoyin. Wani dillali da ya taya ta kwanakin baya ya ce zai saya, amma sai an cire kuɗin mayar da ƙafarta yadda kamfani ya yi ta, domin masu sayen EOD a wajensa magidanta ne masu kai yara makaranta. Ba su daidaita ba.